Gundumar Cheorwon: Zama da Koma-baya a Bakin Iyakar Koriya Biyu

Cheorwon gunduma ce a lardin Gangwon na Koriya ta Kudu, tazararta da birnin Seoul ba ta kai kilomita 100 ba, kuma iyakarta ta arewa ita ce zirin ƙasar nan da ya raba Koriya gida biyu tun ranar 27 ga Yulin 1953, lokacin da aka sa hannu a kan yarjejeniyar tsagaita wuta a Panmunjom. Zirin yana da tsawon kimanin kilomita 250 da faɗin kilomita 4. A takarda an haramta jibge soja a cikinsa, amma a zahiri yana cikin iyakokin da suka fi yawan dakaru da nakiyoyi da waya mai ƙaya a duniya, domin har yau ɓangarorin biyu ba su ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba. Rabuwar ba ta tsaya a kan ƙasa kaɗai ba: lardin Gangwon biyu ne, ɗaya a kudu ɗaya a arewa, ita ma Cheorwon biyu ce, kowace gwamnati tana da gunduma mai wannan suna a ɓangarenta.

Abin da ya sa wannan gunduma ta cancanci a duba ta da kyau shi ne yadda koma-bayanta ya zo. Mai kallo daga nesa zai zaci tsoron yaƙi ne yake korar mutane, ko kuwa zaman lafiya ne ya zo sojoji suka kwashe kayansu. Ko ɗaya ba haka ba ne. Shekara 70 soja yana riƙe da Cheorwon ta fuska biyu: shi ne ya hana a yi gini da masana'antu a mafi yawan ƙasarta, shi ne kuma ya zama babban mai sayen abin da mutanenta suke nomawa da abin da suke sayarwa a shaguna. Yanzu sojojin suna raguwa, saboda ƙasar ba ta haihuwar samarin da za su cika barikoki, amma dokokin da aka kafa domin soja suna nan kusan yadda suke. Gundumar ta rasa mai saye, ba ta kuma rabu da takunkumi ba.

Garin da ya ɓace

Kafin a raba Koriya, Cheorwon ba bakin iyaka ba ce, tsakiyar ƙasa ce. A nan ne sarki Gung Ye ya mayar da fadarsa a shekarar 905, ya yi mulki har Wang Geon ya tumɓuke shi a 918 ya kafa daular Goryeo. Kufan wannan birni na sarauta yana cikin zirin da aka haramta shiga, layin iyaka kuma ya ratsa ta tsakiyarsa, shi ya sa masana tarihi na kudu da na arewa ba su samu damar tona shi ba. A zamanin mulkin mallakar Japan garin ya bunƙasa saboda dalili biyu. Na farko shi ne filin noma mai faɗi da aman wutar dutse ya shimfiɗa tun zamanin da, wanda kogin Hantan ya ratsa, kuma shi ne fili mafi girma a wannan lardi mai yawan tsaunuka. Na biyu shi ne layin dogo daga Seoul zuwa tashar ruwa ta Wonsan, wanda aka kammala a 1914, ya bi ta Cheorwon, daga nan kuma wani layin na lantarki ya ɓalle zuwa tsaunin Geumgang, inda masu yawon shaƙatawa suke tururuwa. Zuwa 1945 garin yana da mutum fiye da dubu 30, da bankuna, da kotu, da asibiti, da makarantun sakandare, da gidan silima, da ma'ajiyar ƙanƙara.

Da Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945, Amurka da Tarayyar Sobiyet suka raba ƙasar a kan layi na 38 na taswirar duniya, wanda ya ratsa ta daga gabas zuwa yamma, sai Cheorwon ta faɗa arewa. Shekara 5 tana ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, kuma a lokacin ne, a 1946, aka gina ofishin Jam'iyyar Ma'aikata, bene mai hawa uku, wanda tsofaffin yankin suke tunawa da shi a matsayin wurin tsarewa da azabtar da waɗanda ake zargi da adawa. Kangon wannan gini shi ne abu mafi girma da ya rage daga tsohon garin. Rufinsa ya tafi, bangonsa duk ramukan harsashi, matattakalar ƙofar gabansa kuma a farfashe take daidai inda tankar yaƙi ta hau ta. Wanda ya tsaya a gabansa ya waiga ba zai ga titunan tsohon garin na asali ko unguwanninsa ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 25 ga Yunin 1950 ne ya share garin. Cheorwon da Gimhwa da Pyonggang su ne kusurwoyi uku na yankin da dakarun kwaminisanci suke tara mayaƙa da kayan yaƙi, saboda haka aka yi musu luguden wuta ta sama da ta ƙasa. Daga tsakiyar 1951 fagen daga ya tsaya cik a wannan yanki, aka koma faɗa a kan tsaunuka ɗaya bayan ɗaya. A watan Oktoban 1952, runduna ta 9 ta Koriya ta Kudu da sojojin ƙasar Sin suka kwashe kwana 10 suna gwabzawa a kan tudun Baengma mai tsayin mita 395, wanda ya yi ta sauya hannu fiye da sau 20 kafin ya tabbata a hannun kudu. Har sojojin Habasha, waɗanda suka yi yaƙi a ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, sun zubar da jini a tsaunukan da ke kusa da Gimhwa a wannan kaka. Sakamakon shi ne mafi yawan filin noman ya koma kudu. Mutanen yankin suna ba da labarin cewa shugaban Arewa na lokacin, Kim Il Sung, ya kwana uku yana kuka saboda rasa wannan fili, kuma ko labarin ƙirƙira ne, abin da ya biyo baya tabbas ne: Arewa ta datse ruwan tafkin Bongnae da ke Pyonggang, wanda a da yake shayar da gonakin, sai da gwamnatin kudu ta gina madatsun ruwa irin na Togyo a shekarun 1970 kafin noman shinkafa ya dawo da ƙarfinsa.

Ba a sake gina tsohon garin ba. An kafa ofishin gunduma a Galmal, can kudu, kasuwanci kuma ya koma Dongsong. Gundumar Gimhwa, wadda yaƙi ya cinye mafi yawanta, an haɗe ragowarta da Cheorwon a 1963.

Waɗanda aka kawo su zauna

A 1954 rundunar Amurka ta shata wani layi na biyu a kudu da zirin iyaka, wanda farar hula ba ya tsallakewa sai da izinin soja. Da farko tazararsa ta kai kilomita 5 zuwa 20, daga baya doka ta taƙaita shi ga abin da bai wuce kilomita 10 daga layin iyaka ba. Mafi kyawun gonakin Cheorwon suna bayan wannan layi. Gwamnatin da take fama da ƙarancin abinci ba za ta iya barin irin wannan ƙasa ta zama daji ba, kuma tana son Arewa ta riƙa hango ƙauyuka masu kyan gani ta madubin hangen nesa, saboda haka ta shiga kafa ƙauyuka a bayan layin. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 irin waɗannan ƙauyuka sun haura 100 a duk tsawon iyakar.

Kowane ƙauye da tarihin zuwansa. Mahyeon-ri mutanen Uljin ne daga gaɓar teku ta gabas, iyalai 66 waɗanda guguwar Sarah ta 1959 ta raba da gidaje da gonaki, aka kwaso su a motocin soja a watan Afrilun 1960 bisa alkawarin fili da tallafi. Kwanaki kaɗan bayan isarsu zanga-zangar ɗalibai ta kifar da gwamnatin Syngman Rhee, jami'an da suka yi alkawarin suka sauka, mutanen suka ci gaba da zama a tantunan soja a yankin da sanyin hunturunsa yake sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili. Daema-ri kuwa an kafa shi ne a ƙarshen shekarun 1960 da iyalan tsoffin sojoji 150, waɗanda aka ɗora wa noma da rana da gadi da dare. Yugok-ri ya zo a 1973, Igil-ri a 1979.

Ƙasar da aka ba su cike take da nakiyoyi. Da hannu da fartanya suka share ta, kuma kafin a bar mutum ya shiga sai ya sa hannu a takardar da ke cewa duk abin da ya same shi alhakin kansa ne, ba zai nemi diyya daga gwamnati ba. Wasu sun mutu, da yawa sun rasa ƙafa, har ya zama a ƙauye irin Daema-ri ganin dattijo mai ƙafar roba ba abin mamaki ba ne. Sai a 2014 majalisar dokoki ta zartar da dokar tallafa wa waɗanda nakiya ta illata, lokacin da yawancin mutanen farko sun tsufa ko sun riga mu gidan gaskiya.

Zaman yau da kullum ma a hannun soja yake. Akwai dokar hana fita da dare, akwai lokacin kashe fitilu, akwai ƙidayar mutanen gida da soja yake zagayowa ya yi, baƙo kuma ba ya kwana sai da izini. Manomin da gidansa yake wajen layin amma gonarsa tana ciki, sai ya nuna takardar shaida a shingen bincike da safe, ya sa hula ko riga mai launin da aka ƙayyade domin masu gadi su bambanta shi da mai kutse, ya kuma fito kafin faɗuwar rana ko da aikin bai ƙare ba. An sassauta da yawa daga cikin waɗannan ƙa'idoji, amma shingen da izinin shiga suna nan. A kan manyan hanyoyin gundumar har yanzu ana bi ta ƙarƙashin manyan tubalan kankare da aka ɗora a gefe da gefe, waɗanda aka tanada domin a tarwatsa ginshiƙansu su faɗo su toshe hanya idan tankokin Arewa suka taso.

Abin da ya fi ci wa mazauna rai shi ne maganar mallakar ƙasa. Takardun filaye na yankin sun ƙone ko sun salwanta a yaƙi, gwamnati kuma ta raba gonaki ba tare da ta warware wane ne mai su ba. Da aka yi dokar sake rajistar filayen yankin a farkon shekarun 1980, sai masu ƙasar na asali ko magadansu, da ma dillalan da suka sayi tsoffin takardu, suka bayyana, kotuna kuma galibi suka ba mai takarda gaskiya. Mutumin da ya tone nakiya da hannunsa ya mai da daji gona ya wayi gari yana biyan haya a kan wannan gonar, ko ya ci bashi ya saye ta a karo na farko bayan ya shekara 20 yana nomanta. A ganina wannan ne tushen rashin yardar da ke tsakanin mutanen yankin da gwamnatin tsakiya, kuma shi ne dalilin da ya sa 'ya'yan mazauna na farko da yawa ba su ga abin tsayawa gado ba.

Igil-ri ya nuna illar gina ƙauye domin idon maƙiyi. An kafa shi a kwari kusa da kogin Hantan, gidajensa suna fuskantar arewa domin a hango su daga tsaunin Oseong da ke hannun Arewa, ba domin wurin ya dace da zama ba. Ambaliya ta shanye shi a 1996, ta sake a 1999, sannan a watan Agustan 2020 kogin ya fasa shingensa ya mamaye ƙauyen gaba ɗaya. Da ruwa ya janye sai aka riƙa tsintar nakiyoyin da ya kwaso a cikin gonaki, shinkafa ta nuna manoma suna tsoron shiga girbi. Bayan wannan ne aka amince a tashi ƙauyen zuwa tudu.

Kasuwar da soja ya kafa

Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasar gundumar yana cikin yankunan da doka ta keɓe domin kare wuraren soja. Ma'anar wannan ita ce duk wanda zai gina gida, ko ya ƙara hawa a kan bene, ko ya kafa masana'anta, sai rundunar da ke kula da wurin ta duba ko ginin zai tare wa masu gadi gani ko ya shiga hanyar harbi, a wasu wuraren kuma sabon gini haramun ne ɗungurungum. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da masana'antu suka mai da Ulsan da Pohang da Gumi manyan birane, babu mai jarin da zai kai kuɗinsa inda igwar Arewa take kaiwa kuma izinin gini yake hannun kwamanda. Gano ramin ƙarƙashin ƙasa na biyu da Arewa ta haƙa, a Cheorwon a watan Maris na 1975, mai tsawon kimanin kilomita 3.5, ya ƙara tabbatar wa hukumomi cewa yankin fagen daga ne kafin ya zama komai. Tsaron da ake yi a nan inuwar giginya ne, na nesa ka sha: Seoul ta samu kwanciyar hankalin da ta yi arziki a cikinsa, Cheorwon ta samu ƙarar igwa daga filayen atisaye.

Abin da ya cike giɓin shi ne sojan kansa. Runduna ta 3 da ta 6 da ta 15 sun jibge dubban kurata a gundumar, kuma dokar soja ta hana wanda aka ba izinin fita na yini ko na kwana ɗaya ya wuce yankin rundunarsa, domin a same shi da wuri idan wani abu ya taso. Wannan doka ita ce ta gina garuruwa irin su Wasu-ri, wanda kurata suka yi wa laƙabi da Wasu-vegas, suna kwatanta shi da birnin shaƙatawa na Las Vegas a Amurka. Titinsa ɗaya ne mai ƙarfi, a jere kuma akwai shagunan kwamfuta inda samari suke zama wasan intanet daga safe har yamma, da masaukai masu ɗakunan haya, da gidajen soyayyar kaza da gasasshen nama, da teloli masu ɗinka suna da lambar muƙami a kan kaki, da layin tasi a bakin tasha. Ranar Asabar iyaye da 'yan mata suna zuwa ziyara daga birane, su kama ɗaki, su ciyar da ɗansu abin da ba ya samu a bariki. A gefe guda kuma ƙungiyoyin gama-kai na manoma suna da kwangilar kai shinkafa da kayan lambu da nama da madara barikoki ba tare da gasa ba.

Dole a faɗi gaskiya, wannan ciniki bai kasance mai tsabta ba. Mai sayen da ba shi da ikon zuwa wani wuri ba ya iya ƙin farashi, kuma ƙorafin tsawwala wa kurata kuɗin ɗaki da na shagon kwamfuta a ƙarshen mako ya daɗe yana yawo a tsakanin samarin ƙasar, waɗanda kusan dukkansu sun yi aikin soja na dole. A gundumar Yanggu da ke wannan lardi, a 2011, wasu ɗaliban sakandare sun lakaɗa wa sojoji biyu duka, sai kwamandoji suka hana fita gari, cikin 'yan makonni kuwa 'yan kasuwa suka shiga roƙo da ba da haƙuri. Wannan ya nuna wanda yake riƙe da wuyan wani. Ya kuma bayyana dalilin da ya sa, da lokacin sauyi ya zo, ra'ayin jama'ar ƙasa bai karkata ga 'yan kasuwar bakin iyaka ba.

Shekarun da abubuwa suka juya

A 2018 gwamnatin Moon Jae-in ta bayyana shirin sake fasalin soja, wanda ya rage yawan dakaru daga kimanin dubu 618 zuwa dubu 500 a 2022, ya kuma rage wa'adin aikin sojan ƙasa daga wata 21 zuwa wata 18. Ba zaɓi ne na siyasa kaɗai ba, lissafi ne: haihuwa ta daɗe tana faɗuwa a Koriya ta Kudu, har ta kai matsakaicin 0.72 ga kowace mace a 2023, mafi ƙanƙanta a duniya, samarin da suke kai shekarun shiga soja kuma suna raguwa kowace shekara. An rushe runduna ta 2 da ke Yanggu a ƙarshen 2019, aka rushe ta 27 da ke Hwacheon a 2022, a Cheorwon kuma aka mayar da hedkwatar runduna ta 6 zuwa Pocheon da ke lardin Gyeonggi.

Sauran matakan sun zo kusan a tare, kowannensu kuma yana da hujjar da ba a iya musantawa. A 2019 aka soke dokar da ta ɗaure soja a yankin rundunarsa, aka koma ga ƙa'idar cewa ya kasance inda zai iya dawowa cikin kimanin awa biyu, wanda hakan ya buɗe masa hanyar manyan garuruwa. A watan Yulin 2020 aka ba kurata damar riƙe wayar salula bayan tashi daga aiki, sai buƙatar shagon kwamfuta da ta ziyarar iyaye ta ragu, tunda yaro yana ganin mahaifiyarsa a waya kowane dare. Annobar korona ta sa an rufe barikoki na watanni. Bayan abin kunyar da ya tashi a 2021 a kan lalataccen abincin da ake ba sojojin da aka killace, gwamnati ta fara karkata sayen abincin soja zuwa kwangilar gasa, abin da ya girgiza manoman da suka saba da kasuwa tabbatacciya. Wani abin lura shi ne albashin kurtu ya ninka a daidai wannan lokaci: mai muƙamin saje da yake karɓar won dubu 216 (won shi ne kuɗin Koriya ta Kudu) a wata a 2017 ya koma karɓar won miliyan 1 a 2023. Sojan ya fi da kuɗi nesa ba kusa ba, sai dai yanzu yana kashe su a intanet ko a birni.

Alƙaluman rajistar mazauna sun bi sahu. Gundumar da take da kimanin mutum dubu 48 a 2016 ta sauko ƙasa da dubu 42 a ƙarshen 2023, kuma a watan Oktoban 2021 ma'aikatar harkokin cikin gida ta sa ta cikin yankuna 89 da ta ayyana a matsayin masu fama da raguwar jama'a, tare da Hwacheon da Yanggu da Goseong. Kurata ba sa cikin wannan lissafi, domin rajistarsu tana garuruwansu na asali, abin da gundumomin bakin iyaka suka daɗe suna kuka a kai, tunda su ne suke ɗaukar nauyin ruwa da hanya da sharar mutanen da ba a ƙirga su a rabon kuɗi. Waɗanda suke fita daga rajistar su ne hafsoshi da ƙananan jami'ai masu iyali, wato matasan ma'aurata waɗanda 'ya'yansu suke cika azuzuwan firamare. Idan iyali ɗaya irin wannan ya tashi, makaranta ta rasa ɗalibi, asibitin yara ya rasa majinyaci, mai gidan haya ya rasa ɗan haya. Muryar siyasa ma ta ragu, domin tun 2020 Cheorwon da Hwacheon da Yanggu da wani sashe na birnin Chuncheon kujera ɗaya suke rabawa a majalisar dokoki ta ƙasa.

Sufuri bai taimaka ba. Babbar hanyar mota da aka buɗe daga Guri, kusa da Seoul, a 2017 ta tsaya a Pocheon, ba ta iso Cheorwon ba. Jirgin ƙasa ya dawo gundumar a watan Nuwamban 2012 da aka buɗe tashar Baengmagoji, shekara 60 bayan yankewarsa, amma aka dakatar da shi a watan Afrilun 2019 saboda aikin lantarki a kudancin layin, da aikin ya kammala a Disamban 2023 kuma jirgin lantarkin ya tsaya a Yeoncheon, bai iso gundumar ba. Aikin miƙa layin zuwa Woljeong-ri, wanda aka ƙaddamar da biki a 2015, ya tsaya a shekarar da ta biyo baya da dangantaka da Arewa ta lalace.

Akwai ɗan lokacin da aka ɗauka ƙofa za ta buɗe. Bayan yarjejeniyar soja da Kudu da Arewa suka ƙulla ranar 19 ga Satumban 2018, ɓangarorin biyu sun fara kwance nakiyoyi a tudun Hwasalmeori da ke Cheorwon domin tono ƙasusuwan waɗanda suka mutu a yaƙi, suka haɗa hanyar mota ta cikin zirin, sojojin kudu da na arewa suka yi musabiha a kan layin iyaka, kowane ɓangare kuma ya rushe wuraren gadi 10. Farashin filaye a bakin iyaka ya tashi. Amma taron Hanoi tsakanin Donald Trump da Kim Jong Un ya watse a Fabrairun 2019, Kudu ta yi aikin tonon ita kaɗai har zuwa 2021, a ƙarshen 2023 Kim ya ce ƙasashen biyu abokan gaba ne ba 'yan'uwa masu jiran haɗuwa ba, a 2024 kuma Arewa ta riƙa aiko da balan-balan ɗauke da shara, ta kuma tarwatsa hanyoyin da suka haɗa ƙasashen a gabas da yamma. Mazauna Cheorwon ba su da ta cewa a ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai, amma kowane tashin hankali yana rufe wuraren yawon buɗe ido na bakin iyaka, wani lokaci ya hana manoma shiga gonakinsu.

Abin da ake gwadawa

Hukumomi ba su naɗe hannu ba. Akwai dokar tallafa wa yankunan iyaka tun 2000, wadda aka ƙarfafa a 2011, kuma daga 2022 ana biyan mazauna kusa da filayen harbi diyyar ƙara, won dubu 30 zuwa dubu 60 a wata, kuɗin da bai kai na cefanen mako ba a ƙasar. Shinkafar Odae ta Cheorwon tana da suna da tsada a kasuwannin Seoul, manoman Gimhwa da Geunnam kuma sun koma noman tattasai da tumatir a rumfunan leda, sai dai hannun da ke aikin galibi na 'yan ci-rani ne daga Vietnam da maƙwabtanta, waɗanda suke zuwa na 'yan watanni su koma. Yawon buɗe ido ya fi komai samun nasara: UNESCO ta amince da kwarin kogin Hantan a matsayin wuri mai muhimmanci a duniya saboda yanayin duwatsunsa a 2020, hanyar ƙafa mai tsawon kilomita 3.6 da aka rataya a jikin gaɓar dutsen kogin a 2021 kuma tana jawo ɗimbin baƙi. Matsalar ita ce yawancinsu yini suke yi, su ci abincin rana, motarsu ta juya Seoul kafin dare, kuma cinikin da suke kawowa yana sauka a bakin kogi ne, ba a titin Wasu-ri ba.

Babbar buƙatar shugabannin yankin ita ce a sassauta takunkumin ƙasa. Lardin Gangwon ya samu matsayin cin gashin kai na musamman a watan Yunin 2023, wanda ya ba gwamna damar gabatar da buƙatar matsar da layin hana farar hula ko rage yankunan da aka keɓe, ko da yake hukuncin ƙarshe yana hannun soja. Buƙatar tana kan gaskiya, amma Cheorwon ta riga ta ɗanɗana abin da sassauci yake kawowa idan ya zo a makare kuma babu tsari. Gonakin da ke bayan layin, saboda ƙarancin mutane da motoci, sun zama mafakar hunturu ta dubban gauraki masu jan kai da masu farin wuya, waɗanda suke kiwon ragowar shinkafa a cikin karmami, wasu manoma ma ana biyan su domin su bar karmamin a gona. Da aka fitar da ƙauyen Yangji-ri daga bayan layin a 2012, ba masana'antu ne suka zo ba, ba kuma matasa masu neman gida ba. Waɗanda suka fara isowa su ne masu jarin kiwo daga wasu gundumomi, waɗanda dokokin wari da gurɓata ruwa suka matsa musu a inda suke, suka sayi gonaki masu araha a kewayen Dongsong suka kafa manyan garken aladu da shanu da kaji. Mazauna suka shiga zanga-zanga a kan wari da ƙazantar ruwa, gaurakin suka ja baya zuwa gonakin da har yanzu suke bayan shingen soja, majalisar gundumar kuma ta koma tsaurara dokar tazarar da za a bari tsakanin garke da gidajen jama'a.